Dutsen da Ya Kumbura a Gonar Malam Ado

Duk Kanyar Maje, wani ƙauye da ke gabas da Ɗanbatta, babu wanda bai san halin Malam Ado ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu mai amfani zaune a ƙasa ya wuce. Buhun gero sai ya sa masa katako, garma sai ya rataye ta a reshe, rumbunsa kuwa duwatsun da ya ɗora shi a kai sun fi na kowa tsawo, har kajin maƙwabta ke zuwa shan inuwa a ƙarƙashinsa. In an tambaye shi dalili sai ya ce ƙasa uwa ce, amma uwa mai cin kayan 'ya'yanta, yau ta turo gara, gobe danshi, jibi tsatsa. Ya haura shekara sittin da wannan hali, bai kuwa taɓa asarar ko dami ɗaya ba, shi ya sa babu mai bakin ce masa ya rage.

A wannan yanki gona na jingine da gona, gida na hangen gida, babu taƙin ƙasar da aka bari ya huta. Wuri ɗaya ne garma ba ta taɓa shiga ba, wani shimfiɗaɗɗen dutse a tsakiyar gonar Malam Ado, irin wanda ake kira fa, inda mata ke shanyar barkono da kuɓewa in kaka ta yi. A kan wannan dutse 'yarsa Bara'atu ta zo ta kafa masa aiki, ana saura 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka.

Bara'atu sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Uwata. Shekararta huɗu ke nan tana fama da digiri na uku a jami'a, a kan wani abu da sai da ta maimaita masa sau uku kafin ya kama bakin zaren. Ta ce a can ƙasar Habasha akwai inda doron ƙasa ke rabuwa gida biyu a hankali a hankali, wannan ɓangare na janyewa daga wancan, kuma in ya ja sai a yi girgizar ƙasa marar zurfi, ta tsaga hanya ta tsaga gidaje. Akwai kuma tauraron ɗan'adam da ke giftawa duk bayan kwana goma sha biyu, ya aiko da sigina ƙasa, ya auna nisan da ke tsakaninsu. In aka gwama awon yau da na wancan zuwan, sai a gane inda ƙasa ta taso, da inda ta lotsa, da inda ta buɗe. Matsalar ita ce, da damina danshin da ke cikin iska yana rikita awon. To ita Bara'atu ta fito da wata hanyar lissafi ta kanta, wadda take ganin za ta tace wannan rikici.

Sai dai malamanta sun ce ba za su karɓi lissafin da fatar baki ba. Sai an gwada shi damina guda cur a wurin da kowa ya tabbata ƙasa ba ta motsi. In ya nuna wurin a tsaye cak, ta ci, za ta kare kundinta a ƙarshen shekara, ta bi tawagar da za ta Habasha. In kuwa ya nuna motsi inda babu motsi, to lissafin ne ke ƙarya, shekara huɗu sun tafi a banza. Da ta zo nan, Malam Ado ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya gane, mudu ne ake son a gwada kafin a shiga awo. Ta yi dariya ta ce ko malaminta bai taɓa faɗar maganar a taƙaice haka ba.

Abin da ta kawo wasu faya-fayan ƙarfe ne guda uku, an haɗa su kamar lungun ɗaki, bakin yana kallon sama, an tsayar da shi a kan ƙafafu uku. Shi ne zai riƙa mayar wa tauraron siginarsa, yadda madubi ke mayar da hasken rana. Magini ya huda dutsen wuri uku, ya dasa dogayen kusoshi da siminti, aka zura ƙafafun a kansu, aka ɗaure kowace da noti. Da za ta koma birni ta durƙusa gaban mahaifinta a bakin fan.

"Baba, amana ce na bar maka," in ji ta. "Kada ya gusa ko da kaurin farce ne. Tauraron zai gani."

Ya ce ta je abinta, ta bar wa mai iyawa. A ransa kuwa maganar farcen nan ya sa ta cikin zuzutawar 'yan boko. Abin da ke can bayan gajimare, inda ko shirwa ba ta kaiwa, shi ne zai hango kaurin farce a gonar Ado? Bai faɗa ba dai, don ba a gwale uwa.

Amanar kuwa ya riƙe ta hannu bibbiyu. Ya kewaye wurin da ƙayar magarya, ya kafa wa awakin gari doka. Kafin ya sa fartanya a gona sai ya leƙa ƙarfen, in ya tashi aiki ma sai ya biya ta wajensa. Mutanen gari suka sa wa abin suna kwanon Bara'atu. Iliyasu, taubashinsa, wanda gonakinsu ke iyaka ɗaya kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a tsokani juna ba, ya bi gari yana cewa Ado ya sayi kwanon satalayit ya manta bai sayi talabijin ba.

Ruwan shuka ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro. A ruwa na huɗu ne Malam Ado ya ga abin da ya hana shi sukuni. Ashe fan yana da ɗan kwari daidai inda aka kafa kwanon, wanda da rani ido ba ya kamawa. Ruwa ya kwanta a wurin, ƙafafun nan uku na tsaye tsundum a ciki, ɗaya har ta fara jan tsatsa. Ya share ruwan da tsintsiya, washegari wani ya sauka. Ya tsaya yana kallo zuciyarsa na ƙuna. Kayan 'yarsa, amanar da aka danƙa masa, zaune cikin ruwa kamar ba su da mai su, a gonarsa kuma, shi Ado.

A makon ne akuya ta ture randar matarsa Hure, wata tsohuwar randar Dawakin Tofa da ta zo da ita tun aure. Hure na faɗa da akuya, shi kuwa yana tsintar tsingaro. Ya zaɓi masu faɗi, ya goga su a kan dutse har suka yi sumul, ya ɗauko sifanar garmar shanunsa, ya kira Iliyasu. Ya sassauta noti, Iliyasu ya sa ƙotar fartanya ya ɗan ɗaga, shi kuma ya zura tsingaro ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa, ya mayar da noti ya ɗaure tamau fiye da ɗaurin magini. Ya ja da baya ya duba ta gabas, ya zaga ya duba ta kudu. Kwano na nan inda Uwata ta bar shi, bakinsa na kallon inda yake kallo, illa dai ya fita daga ruwa. Ran nan cikin farin ciki ya ci tuwonsa.

Amma daminar mai albarka ce, ruwa kullum ƙaruwa yake. Duk sa'ad da Malam Ado ya ga ya taɓo ƙafafun, sai ya kira Iliyasu a ƙara tsingaro. Kafin marka ta wuce kowace ƙafa na zaune a kan guda biyar, a jere reras, gwanin sha'awa. Duk Juma'a Bara'atu kan bugo waya ta tambayi lafiyar gida da ta kwano, ya ce mata lafiya ƙalau, ko tsatsa babu. Bai ambaci tsingaro ba, ba don ɓoyo ba, sai don a ganinsa babba ba ya gorin ɗan abin da ya yi wa ɗansa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gero ya nuna ana shirin girbi, wayar ta zo da wata murya daban. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ya gane akwai magana. Ta ce lissafinta ya nuna fan ya taso sama. Ta sake shi daga farko sau shida, amsa ɗaya yake bayarwa. Dutsen da ke zaune tun kafin a haifi kakan kakansa ba zai tashi kumbura a daminar bana ba, kowa ya san haka, saboda haka lissafin ne ya gaza. Farfesa Abdulkabir, malamin da ke duba aikinta, ya ce gobe Asabar za su zo da na'urori su auna dutsen da hannu, don kada a yanke hukunci a ofis. In ba su ga komai ba, shi ke nan. Muryarta ta karye a nan, abin da bai ji ba tun tana 'yar firamare.

Ya tambaye ta kumburin ya kai yaya. Ta ce milimita talatin da biyar, wato kamar kaurin yatsa biyu.

Malam Ado ya ba ta haƙuri ba tare da ya san abin da bakinsa ke faɗa ba. Yana ajiye wayar ya saɓa babbar rigarsa, ya ratsa ta cikin dawa har bakin fa. Ya tsuguna, ya haɗa yatsunsa biyu, ya kara su a jikin tsingaron. Daidai wa daida. Ya gwada ƙafa ta biyu, ya gwada ta uku. Sai ya zauna daɓas a kan dutsen, ya ɗaga kai ya dubi sama, inda babu komai sai farin gajimare. Abu biyu suka cika masa ciki lokaci guda. Ɗaya mamaki ne, ashe yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Ɗaya kuma kunya ce irin wadda bai taɓa ji ba, don ya gane garin neman gira an rasa ido, idon ma ba nasa ba, na 'yarsa.

A nan Iliyasu ya same shi. Da ya ji labari sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dubi fuskar taubashin nasa ya ga yau ba ranar wasa ba ce. Ya sassauta murya ya kawo shawara. Ya ce sifana na nan, ƙota na nan, kafin la'asar sun zare tsingaron sun watsar a bola, gobe baƙi su zo su tarar da kwano yadda magini ya bar shi. Babu wanda ya sani sai su biyu, shi kuma ba za a taɓa ji daga bakinsa ba.

Shawarar ta yi wa Malam Ado daɗi, wannan ba sai an ɓoye ba. Mutumin da gari ke kawo wa ajiya, wanda ake misali da shi wajen tattali, gobe a gaban Farfesa da mai unguwa a ce shi ya ɓata aikin shekara huɗu da fasasshiyar randa? Har ya je gida ya ɗauko sifanar. Yana sa ta a kan notin farko sai tunani ya zo masa. In ya zare, gobe za a auna a ga babu komai, a ce lissafin Uwata ƙarya yake yi. Alhali lissafin bai yi ƙarya ba, yatsa biyu ya ce, yatsa biyu ne. Ita za ta ɗauki laifin ta tafi da shi, shi ya zauna da mutuncinsa. Ya zare sifanar daga notin ya jefa a aljihu. A ganinsa daminar ta riga ta lalace ko ta wace hanya aka bi, amma gara a ce uban ne ya yi wauta da a ce 'yar ba ta iya ba.

Da ya faɗa wa Hure ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sannan ta ƙara da cewa ko banza yau ta san inda randarta ta shige. Ya kira Bara'atu sau biyu, wayar a kashe, tana can tana fama da lissafin da ba shi da laifi.

Da hantsin Asabar mota ta tsaya a bakin gona. Farfesa Abdulkabir ya fito, wani gajeren mutum mai furfura da yawan fara'a, ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga gona kamar wanda ya saba. Bara'atu na biye da shi, idanunta sun faɗa. Rabin Kanyar Maje ya riga su isa, don labari ya bazu cewa dutsen Ado ya kumbura, wasu har sun fara cewa man fetur ne ke turo shi daga ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi damina. Direba ya fara sauke akwatunan na'ura, sai Malam Ado ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a bar kayan nan tukuna," ya ce. "Dutse bai kumbura ba. Ni na ɗaga kwanon."

Ya janye ƙayar, ya nuna ƙafafun, ya faɗi komai tun daga ruwa na huɗu, bai rage ba, sai dai sunan Iliyasu da ya tsallake. Bara'atu ta matso ta durƙusa, ta bi tsingaron da yatsa tana ƙirgawa. Sai ta zauna a kan dutsen ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Malam Ado ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Uwata, ki yafe mini," ya ce. "Tsatsa na gani."

Ta yaye mayafin, ashe dariya take yi, hawaye na zuba. Ta nuna tsingaron ta nuna jakar kwamfutarta, ta sake fashewa.

Farfesa bai yi dariya ba tukuna. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa tsingaro ɗaya da farce, ya ce wannan yumɓun Dawakin Tofa ne, garinsu, ko a mafarki ya gan shi zai gane. Sannan ya tambaya, duka biyar ɗin rana ɗaya aka sa, ko ɗaya bayan ɗaya? Da ya ji ɗaya bayan ɗaya ne sai fuskarsa ta canza. Ya ce wa Bara'atu kada ta buɗe kwamfutar, ya fito da takarda da biro, ya tambayi Malam Ado ko zai iya tuna ranakun.

Tambayar manomi ranakun daminarsa ai tambayar liman Fatiha ce. Na farko ranar Litinin, washegarin kasuwar Ɗanbatta, a makon da randa ta fashe. Na biyu ranar da ya gama noman farko. Na uku washegarin ruwan da ya kayar da katangar mai unguwa, wanda ya ciro wayarsa nan take ya nuna hoton ɓarnar da kwanan wata a jiki. Na biyar ranar da aka fara huɗar gyaɗa. A kan na huɗu ne aka yi gardama. Malam Ado ya ce saura kwana biyu sunan jikan Iliyasu. Iliyasu, da ya ga abin ya fara komawa na yabo, ya kutso ya ce ai shi ya riƙe ƙotar duk sau biyar ɗin, kuma ranar sunan ce da sassafe. Hure ta ɗaga murya daga cikin tsofaffin mata ta ce duk su biyun sun yi kuskure, sati guda bayan suna ne, don tana wanke rigar da Malam ya je sunan da ita ya zo ya sake kwasar tsingaro a bayan madafi. Farfesa ya rubuta duka ukun.

Daga nan ya ciro wani ɗan ma'auni mai muƙamuƙi, ya auna kaurin kowane tsingaro, ya rubuta, ya rufe takardar da tafin hannu. Aka koma inuwar ɗorawa, ya ce Bara'atu ta buɗe kwamfutar. Malam Ado ya leƙa fuskar kwamfutar ya ga wani layi. Ba a miƙe ya hau ba, hawa-hawa ya yi kamar matakalar soro, guda biyar, tsakanin kowane hawa da na gaba kuma layin a kwance yake. Bara'atu ta ce tun farko ta ga matakalar, ita ce ma ta sa ta fid da rai, don babu dutsen da ke tashi haka.

Tana karanta nata, Farfesa na buɗe nasa. Hawan farko ta ce milimita bakwai, takarda ta ce bakwai, makon ma ya zo ɗaya. Na biyu shida da shida. Na uku ta ce tara, takarda ta ce takwas, Farfesa ya ce bambancin bai kai ƙwayar gero ba. Tun daga na biyu jama'a suka fara amsawa da kabbara, har waɗanda suka zo don man fetur. Da aka zo na huɗu kowa ya kasa kunne. Bara'atu ta duba ranakun giftawar tauraron, ta ce a ranar suna dai kwano bai motsa ba tukuna, hawan ya faɗo ne a makon da Inna Hure ta faɗa. Mata suka ɗauki shewa. Iliyasu ya ce dama tun da ya ji mai tauraron mace ce ya san ba za a yi wa maza adalci ba.

Sai a nan Farfesa ya saki dariyarsa, har da share ido. Ya ce wa Malam Ado su abin da suka nema shi ne su ga mudu ba ya nuna hatsi in babu komai a cikinsa, kuma sun gani, ga layin nan a kwance tsakanin hawa da hawa. Amma shi ya ba su abin da ba su yi dabarar nema ba. Ya zuba hatsi sau biyar a tsakiyar damina, mudun kuma ya faɗi yawansa sau biyar. Malam Ado bai damu da yabon ba, tambaya ɗaya ya yi, ke nan shekara huɗun ba su tafi ba? Farfesa ya ce saura abu ɗaya. Sauran malamai za su iya cewa an san amsa kafin a gwama, don haka a sake gwaji. Ya ce bayan sun tafi, Malam Ado ya yi wa kwanon duk abin da ya ga dama, kada ya faɗa wa kowa sai shi Farfesa a waya. In tauraron ya gifta sau biyu, Bara'atu ta faɗi abin da aka yi. In ta faɗa daidai, da hannunsa zai sa wa kundinta hannu. Aka sha fura a kan haka, baƙi suka tafi da kyautar ɗanyar masara cike da bayan mota.

Iliyasu ya kawo shawara kamar yadda ya saba. Ya ce ga gindin randar nan mai kauri, a zura shi, ko makaho zai gani daga sama. Malam Ado ya kwana biyu yana juya maganar. Yana son 'yarsa ta ci fiye da yadda yake son amfanin gonarsa. Amma ya tuna inda za ta je da lissafin, wurin da ƙasa ke tsagewa a ƙarƙashin gidajen mutane, can kuwa babu uban da zai sauƙaƙa mata. Akwai kuma abin da ya tsaya masa a rai tun wayar Juma'ar nan. Lissafinta ya faɗa mata gaskiya har sau shida, ita ce ta ƙi yarda da shi. A rana ta uku ya kira Farfesa ya ce ya yanke shawara, ba zai taɓa komai ba. Farfesa ya ce Allah ya rufa wa ɗalibai asiri da ba Malam Ado ne ke tsara jarrabawa a jami'a ba.

Kwana ashirin da huɗun nan sun fi masa noman damina wuya. Aka girbe gero, aka ɗaure, aka kai rumbu. Iliyasu ya bi shi da tambaya safe da yamma, ya ce masa kowa ya ji da gonarsa. Ranar Juma'a Bara'atu kan kira su gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi girbi, daga shi har ita babu mai ambaton kwano.

Wayar da yake jira ta same shi a gona yana cirar gyaɗa, Hure ta kawo fura ke nan ta ajiye a gindin ɗorawa. Muryar Bara'atu a sanyaye take. Ta ce tauraron ya gifta sau biyu, ta duba, ta sake dubawa, layin a kwance yake, babu hawa babu gangara. Ta ce ta san halin Babanta, ta san an ba shi dama, ba ta ga yadda za a yi ya iya zama bai taɓa kwanon ba.

"Ko dai abin da ka sa ya yi sirantar da lissafina bai kama ba," in ji ta, "ko kuma ba ka taɓa shi ba."

"To wanne za ki faɗa wa Farfesa?"

Malam Ado na jin numfashinta a wayar. Ya so ya taimake ta ko da gyaran murya ne, ya danne, ya ƙura wa ƙasa ido.

"Ba ka taɓa shi ba, Baba," ta ce. Wannan karon muryar ba ta rawa. "Ko noti ba ka juya ba."

Farin ciki ya lulluɓe Malam Ado. Ya tsaya da gyaɗa a hannu ɗaya, waya a ɗaya, hawaye na gangaro masa cikin gemu. Hure ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta rangaɗa guɗa, Iliyasu ya yar da fartanya ya tsallako iyaka yana tambayar me aka samu. Malam Ado ya mayar da wayar kunne.

"Je ki haɗa kayanki, Uwata," ya ce. "Allah ya kai ki Habasha lafiya."